Maki 12, ciki cike da jini

Laraba, ƙarfe biyun dare ta gota. Sai yanzu na samu na zauna, shayin da na haɗa tun magariba ya yi sanyi ƙalau.

Bayan isha'i aka shigo mana da mutum biyu a ɗakin gaggawa, a daidaita sahu ta yi taho-mu-gama da babur. Kowa ya rufu a kan dattijon da ke cikin a daidaita sahun. Jini ya wanke masa fuska, ba ya buɗe ido sai an matse masa farce, sannan ya yi gurnani ya janye hannu. Ido 2, magana 2, motsi 4, ya tashi 8 cikin 15 a ma'aunin Gilasgo, wanda ake auna hayyacin majinyaci da shi. Tun 1974 Teasdale da Jennett suka fito da ma'aunin nan, kuma kowannenmu ya haddace tun yana ɗalibi cewa daga 8 zuwa ƙasa kai ya bugu sosai, a fara kula da hanyar numfashi tukuna. Muka kira likitan sa barci.

Shi kuwa ɗan acaɓan, bai fi shekara ashirin ba, yana zaune a bakin gado yana ta tambayar ina aka kai masa babur. Na lissafa masa ma'aunin rauni na Champion na 1989, mai haɗa hayyaci da awon jini da numfashi. Hayyaci 15, awon jini na sama 110, numfashi 26 a minti. Maki 12 cif, babu ragi, wato a lissafi ba ya cikin haɗari. Har na juya zan tafi, Sista ta riƙo hannun rigata.

"Likita, taɓa hannunsa ka ji."

Sanyi kamar randa, ga gumi a goshi, ga ƙishirwa yana ta roƙon ruwa. Bugun zuciya 132. Idan ka raba 132 da 110 ka samu 1.2, alhali na mai lafiya tsakanin 0.5 ne da 0.7. Ma'aunin da na dogara da shi ba ya duba bugun zuciya kwata-kwata, kuma jikin matashi yakan riƙe awon jini har sai ya zubar da mai yawa kafin ya faɗi lokaci guda. Na san wannan sarai, na taɓa amsa shi a jarrabawa. Na'urar hoton ciki ta nuna jini kwance ta hagu. Saifa ce ta fashe. Leda biyu ta jini aka sa masa kafin a gama tiyata.

Ni dai ma'aunin Kamfala ya fi kwanta mini a rai, wanda aka tsara a Yuganda don asibitoci irin namu: shekaru, awon jini, numfashi, hayyaci, da yawan munanan raunuka. Amma shi ma da wuya ya kama yaron nan. Ma'aunin tsananin rauni na Baker kuwa, mai kaiwa maki 75, sai ka san duk raunin da ke jikin mutum, mu kuma injin hoton kai ya kwana biyu a lalace.

Babban ɗan dattijon ya tare ni a baranda, hula a hannu.

"Likita, don Allah gaya mini gaskiya, Baba zai tashi?"

Takwas ɗin tana kaina, amma lissafin daga dubban majinyata aka ciro shi, ba daga babansa ba. Na ce, "Yaya, ciwon babba ne, ba zan ɓoye maka ba. Muna kansa, ku ci gaba da addu'a." Ya ce Allah ya saka, ya koma kan tabarmarsu.

Ƙarfe ɗaya na sake gwada dattijon. Har yanzu 8. Zan koma ƙarfe uku.