Darussa kan neman a riƙa sanar da kai labari a wasiƙar Ingilishi

Wanda ya yi lakwal a Nijar, in ya iso ƙarshen wasiƙar aiki hannunsa ya riga ya san hanya: "Je vous prie de bien vouloir me tenir informé." Wahalar tana zuwa ne ranar da takardar za ta je hannun wanda ba ya jin Faransanci, kuma a Maraɗi irin wannan rana ba baƙuwa ba ce. Akwai mai sayen riɗi da aya a kasuwar Dawanau ta Kano, akwai wakili a tashar jiragen ruwa ta Tema a Gana, akwai kamfani a Dubai ko ƙasar Sin, akwai kuma jami'ar waje da ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya nemi gurbin ƙaro karatu. Tun 2025 ma dokar ƙasa ta sa Ingilishi cikin harsunan aiki tare da Faransanci. Ga abin da aiki da irin waɗannan wasiƙu ya koya mana.

Jimlar da ba ta ba da kunya a ko'ina ita ce "Please keep me informed of any developments." Tana da ladabi, ba ta da nauyi, kowa yana gane ta. In wanda kake rubuta wa yana gaba da kai, ko ba ku taɓa hulɗa ba, sai ka ƙara mata tausasawa: "I would be grateful if you could keep me informed of any developments." Ƴar'uwarta ita ce "I would appreciate it if you could keep me updated on the progress." A nan mutane da yawa suna yar da ƙaramar kalmar nan "it" da ke bayan "appreciate", kuma jimlar ba ta tsayuwa daidai sai da ita. Ka kuma lura da abin da ke bin kowace kalma: "informed" tana tafiya da "of" ko "about", ita kuwa "updated" da "on" take tafiya.

"Keep me posted" da "keep me in the loop" daidai suke, amma na abokin aiki ne da kuka saba, ko na saƙon WhatsApp. Ba a aika wa darakta ko jami'in banki su a wasiƙar farko. A ɗaya gefen akwai "keep me apprised of", wadda ake gani a takardun lauyoyi da manyan hukumomi. Shawararmu a bar ta. Harafi guda ne ya raba ta da "appraised", wato ƙiyasta darajar abu, kuma har masu harshen suna rikita su. Ba ta ƙara maka komai a kan "informed".

Sai batun Ingilishin maƙwabtanmu, wanda shi muka fi ji. A Najeriya da Indiya, "Kindly update me" magana ce ta yau da kullum a ofis, kuma "please revert" tana nufin ka ba ni amsa. In Kano ko Legas wasiƙar za ta, babu laifi ko kaɗan. Amma Bature na Ingila ko Amurka yakan ji "kindly" kamar umarni da aka lulluɓe, "revert" kuwa a wurinsa komawa ne ga yadda abu yake a da. Ga irin wannan mai karatu, "please" da "reply" sun wadatar.

Tarkon da ya fi kama mu shi ne na Faransanci, domin kalmomin suna kama da juna a ido. Mafi muni shi ne "demander". Mutum yana nufin roƙo, sai ya rubuta "I demand you to inform me", alhali "demand" a Ingilishi tilastawa ce, irin maganar mai bin bashi da ya gaji. Abin da ake so shi ne "ask" ko "request". Na biyu shi ne "délai". A Faransanci wa'adi ne, amma "delay" jinkiri ne. Wanda ya rubuta "please respect the delay" bai ce a cika wa'adi ba, kuma mai karatu zai tsaya yana mamaki. Wa'adi "deadline" ne. Haka "éventuellement" tana nufin mai yiwuwa, "eventually" kuwa tana nufin daga ƙarshe abin zai faru, don haka kana iya ɗaukar alkawarin da ba ka yi niyya ba. Ƙananan su ne "informations", wadda ba ta ɗaukar "s" a Ingilishi, da "I wait your answer" da ya kamata ta zama "I look forward to your reply". In ka zaɓi "I look forward to hearing from you", to "hearing" ce, ba "hear" ba.

Duk wannan gyaran kalma ne, kuma ana iya haddace shi cikin mako guda. Darasin da ya fi girma, wanda ya fi ɗaukar lokaci kafin ya zauna, shi ne cewa jimla mai ladabi kaɗai ba ta kawo labari. "Keep me informed" in ta tsaya ita kaɗai, kamar ka aiki yaro kasuwa ne ba ka gaya masa abin da zai sayo ba. Mai karatu zai ce to, ya rufe wasiƙar, kuma a ganinsa bai saɓa maka ba, tunda shi ne aka bar wa hukuncin abin da ya isa a kira labari. Roƙon da ke aiki yana ɗauke da abu uku: wane labari kake jira, yaushe, kuma ta wace hanya.

A ɗauka ka sayi taki buhu 600 a Kano, tan 30 ke nan in kowane buhu kilo 50 ne, motar kuma za ta biyo ta Katsina da Jibiya ta shigo ta Ɗan Issa. Abin da ke damunka ba "developments" ba ne. Kana son sanin an yi lodi ko ba a yi ba, da lambar mota da ta direba, da lokacin da ta ƙetare iyaka, domin ka shirya kuɗin duwan da ƴan dako da sito. To haka za ka rubuta: "I would be grateful if you could confirm by Thursday 12 June that the truck has been loaded, and send me the plate number and the driver's phone number. Please also let me know by WhatsApp as soon as it crosses the border." Ta fi tsawo, amma wanda ya karanta ta ya san aikinsa, kai kuma in Alhamis ta wuce shiru kana da hujjar sake magana. Ga aikin da zai ɗauki watanni, kamar dosiyen tallafi ko gini, a nemi lokaci tsayayye: "Could you send me a brief update every Monday?"

Akwai jimla guda da muke ganin bai kamata ta ɓace daga wasiƙar ciniki ba, ita ce ta neman labari maras daɗi. Mun san halin mutane, namu da na waje: ba mai son ya zama shi ya kawo mummunan labari. In mota ta lalace ko farashi ya tashi, sai a yi shiru ana ƙoƙarin gyarawa, kai kuma kana can kana yi wa masu jiranka alkawari. Dole ka buɗe wa mutum ƙofa da kanka: "Should there be any delay or change in price, please let me know immediately, even if the matter is not yet resolved." Rabin ƙarshen nan shi ne mai amfani, domin yana gaya masa ba sai ya warware matsalar ba kafin ya yi magana.

Rana kuma a rubuta ta da sunan wata. 05/06 a wurinmu da Najeriya da Ingila 5 ga Yuni ne, a Amurka kuwa 6 ga Mayu. "At your earliest convenience" tana da daɗin ji amma ba ta da wa'adi, ma'anarta in ka samu sarari. "ASAP" kuma, wato "as soon as possible", tana da kaushi ga wanda ba ƙarƙashinka yake ba. In awa tana da muhimmanci, ka faɗi agogon da kake nufi: mu da Najeriya lokacinmu ɗaya, Gana tana bayanmu da awa 1, Dubai tana gabanmu da awa 3, Sin da awa 7. Wasiƙar da ka aika bayan azahar daga Maraɗi ta tarar da ofisoshin Sin a rufe. Kuma masana'antunsu sukan tsaya lokacin bikin sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, da makon farko na Oktoba, saboda haka shiru a wannan lokaci ba raini ba ne.

In amsa ba ta zo ba, a jira kwana biyu ko uku na aiki bayan wa'adin, sannan a rubuta a ƙarƙashin tsohuwar wasiƙar, kada a buɗe sabuwa, domin mutum ya ga abin da aka faɗa tun farko. "I am writing to follow up on my email of 9 June regarding the fertiliser order. Could you let me know where things stand?" Kada a rubuta "You did not answer me." Ko gaskiya ce, tana sa mutum ya fara kare kansa maimakon ya ba ka labari. Lambar oda ko ta dosiye ta kasance a kan layin take, domin da ita ake neman takarda a ofis.

Gaisuwa a Ingilishi gajeriya ce, layi guda ya isa, kuma doguwar rufewar nan ta "Veuillez agréer" ba a juya ta. In ka buɗe da "Dear Sir or Madam" ka rufe da "Yours faithfully", in ka ambaci suna ka rufe da "Yours sincerely", a imel na yau da kullum kuwa "Kind regards" ta wadatar. Ga Alhajin Kano da kuka saba, kiran waya da cikakkiyar gaisuwa ta Hausa ya fi kowace wasiƙa saurin kawo labari, kuma ba mu ce a daina ba. Sai dai bayan an ajiye waya a bi da layi biyu a rubuce, musamman in akawunsa ko kamfanin sufuri ne za su aiwatar: "As discussed by phone today, the truck will leave Kano on Saturday, and you will inform me once it reaches Jibia."