Wagadugu a Makon FESPACO

Na sauka Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, a ƙarshen Fabrairu, hunturu na ja da baya, zafi na kunno kai. Lokacin ne ake FESPACO, bikin finafinan Afirka da aka fara a 1969, wanda yanzu ake yi bayan shekara bibbiyu. Babbar kyautarsa, Dokin Yennenga, Oumarou Ganda na Nijar ne ya fara ɗaukarta a 1972.

Kallona na farko a gidan sinima na Ciné Burkina na yi shi, na biyu a Ciné Neerwaya, wadda ta fi ta girma. Fim ɗin da ke cikin gasa, in za a fara shi da takwas na dare, a kama layi tun bakwai, don bajon shiga ba ya tanadar wa kowa kujera. Sannan a duba jadawali kowace safiya, yakan sauya. Akasarin fassarar da ke ƙasan allo da Faransanci take, wanda bai jin harshen sai ya zaɓi finafinan Ghana, Najeriya ko Kenya.

Abin da ya fi kama ni shi ne wasan daɓe a CITO, wata cibiyar wasan kwaikwayo da ke birnin. Dandalin a sarari yake, babu rufi, shi ya sa ba a farawa sai duhu ya yi sosai, domin fitilun dandali ba sa tasiri muddin akwai sauran hasken yamma. Muryar ɗan wasa kuma ba ta da bangon da zai maido da ita, iska ke kwashe ta, ga ƙarar babura daga titi. Layi na uku zuwa na biyar, a tsakiya, nan ne magana ke isowa garau kuma ana ganin fuska. Na baya motsi kawai suke gani. A riƙe mayafi, dare kan yi sanyi da ƙura.

Kuskuren da baƙi ke yawan yi shi ne zaton za su haɗa komai a zuwa ɗaya. Récréâtrales, bikin da ake wasa a tsakar gidajen mutanen unguwar Gounghin, yana faɗowa ne wajen Oktoba na shekarar da ba a FESPACO.

Ranar ƙarshe na tafi Laongo, kimanin kilomita 35 daga gari, inda masassaƙa ke sassaƙa jikin duwatsu tun 1989. Na isa da bakwai na safe, kafin goma dutsen ya ɗau zafin da hannu ba ya iya taɓa shi.