Magen da ta ɗaga hannu

Daren jiya bayan isha muna zaune a falo ƙaramar 'yata ta karɓe wayata tana kallon bidiyon dabbobi, sai kawai na ji ta tuntsire da dariya tana cewa Abba zo ka ga wata mage ta ɗaga hannu kamar an tare ta a shingen 'yan sanda. Na leƙa, ashe jar fanda ce, ta miƙe tsaye kan ƙafafun baya ta ware hannuwa sama, fuska fari-fari, ga jela mai zobe-zobe kusan tsawon jikinta. Nima dai na yi dariyar, ba zan ɓoye ba. Amma wannan tsayuwar tsoro ne, haka take yi in ta ga abin da ya firgita ta don ta ƙara girma a idon abokin gaba, wato mu muna dariya ita kuma hankalinta a tashe yake.

Dabbar nan 'yar tsaunuka ce, gabashin Himalaya take zaune, Nepal da Butan da arewa maso gabashin Indiya da arewacin Myanmar, sai Sichuan da Yunnan a China, can sama daga wajen mita 2,200 zuwa fiye da 4,000 inda sanyi yake da gaske. Shi ya sa har tafin ƙafarta gashi ne, in za ta yi barci a kan reshe sai ta naɗe jikinta da jelar kamar mai lulluɓa da bargo. Kaɗan ta fi magen gida girma. Kuma ita ce fanda ta asali fa, wani Bafaranshe Frédéric Cuvier ya bayyana ta a 1825, ita kuwa babbar mai baƙi da fari sai 1869 Turawa suka san da ita, amma ta zo ta ƙwace sunan, yanzu mai sunan ce sai an ƙara mata "ja" kafin a gane ta. Ba ma 'yan uwan juna ba ne.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne cikinta. Hanjinta irin na masu cin nama ne, gajere, amma abincinta kusan duk ganyen gora ne da tohonsa, to ba ta iya narkar da shi sosai, dole ta yi ta ci ta yi ta ci sannan ta kwanta ta huta don kar ƙarfin ya ƙare. Tana da wani ƙashi a wuyan hannu da ya fito kamar babban yatsa, da shi take riƙe karan gorar ta jawo ganyen baki. Kuma tana saukowa daga bishiya kai a ƙasa, abin da magenmu ba ta iyawa.

To ka ga dabbar da rayuwarta ta rataya kan gora da kogon tsohuwar bishiya, don a kogon take haihuwa, 'ya'ya ɗaya zuwa huɗu a shekara, yawanci biyu. In aka sare tsofaffin bishiyoyin don itacen girki ko katako, dabbobin makiyaya suka tattake gorar, ina za ta? Ga karnukan makiyayan suna kama ta, suna kuma shafa mata cutar distemfa wadda ke kashe ta. Ga masu tarko don fatarta, ga masu kamawa su sayar wa waɗanda suka ga bidiyo irin namu suka ce suna so a gida. Tun 2015 IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa ta cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ana ƙiyasin ba su kai 10,000 ba a daji.

Aikin da ya fi burge ni shi ne na ƙungiyar Red Panda Network mai kare jar fanda a Nepal, mutanen ƙauyukan da kansu ake ɗauka su zama masu gadin daji, su zaga suna duba kashinta da alamunta suna kwance tarko, ana biyansu. A ganina wannan ya fi a zo daga birni ana wa'azi ga wanda ba shi da abin hura wuta sai itacen. Gidan zu na garin Darjeeling a Indiya ma ya saki waɗanda aka haifa a wurinsa cikin dajin Singalila a 2003.

Ita dai 'yar tawa duk wannan bayanin bai dame ta ba, cewa ta yi Abba a saya mana ɗaya. Na ce zafin garin nan kaɗai zai kashe ta kafin sati. Ta yi shiru tana tunani, can ta ce to a kunna mata esi mana. Na ce da wace wutar?