Abin da na koya kafin in miƙa makullin buro

Ƙarshen watan nan zan bar aikin gyaran ƙasa da muke yi a karkarar Tawa. Abokan aiki sun san dalili, don haka ba sai na yi ta kewaye-kewaye ba.

Shugaban da aka turo mana mutum ne mai ilimi, wannan ba na musu. Abin da bai taɓa ganewa ba shi ne, a Adar duk abin da aka ba ka ana riƙe da lissafinsa. Matanmu sun fi kowa sanin haka: wadda ta kai wa ƙawarta jika biyu ranar suna ta san in nata ya zo za a mayar, sau da yawa har da ƙari, kuma ba a buƙatar takarda. Shi kuwa ya ɗauka karɓa haƙƙinsa ne.

Akwai wani gari da ya fi kowane fito mana. Cikin zafin bazara maza da mata suka yi ta haƙa ramukan tassa da rabin-wata masu tare ruwan sama a kan fako mai tauri, wasu tafin hannunsu har ya fashe. Maigari ya yanka mana rago, ya shimfiɗa mana tabarma a zaurensa. Da ƙanen maigarin ya rasu, na shiga na ce, "Ranka ya daɗe, ya kamata mu je gaisuwa." Bai ɗaga kai daga kwamfuta ba. Ya ce man mota na aiki ne, ta'aziyya ba ta cikin tsari. Na hau kabu-kabu na tafi da kuɗina. Maigari ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, mun gode. Babbanku lafiya dai?" Bai ƙara kalma ba. Da bazara ta zagayo muka kira gayya, 'yan tsiraru suka fito, shugaba kuma ya rubuta a rahoto cewa mutanen ba su da himma. Mutanen yankin da matansu suka ɗauki duwatsu a ka suka farfaɗo da tuddan Keita tun daga 1984, su ne marasa himma! Wannan jimlar ta fi yi mini ciwo a kan hutun da ya hana ni lokacin jinyar mahaifiyata, bayan dararen da na kwana a buro ina gyara masa lissafi kafin masu bincike su iso.

Wani zai ce ai wannan shi ne mafarin cin hanci. A'a. Mai ba da hanci yana sayen abin da ba nasa ba ne, a ɓoye. Maigari bai nemi kwangila ba, ƙafa kawai ya jira.

Manyanmu ma a nan suke tuntuɓe. A 1993 ƙawancen jam'iyyu na AFC ya ɗora Mahamane Ousmane a kan mulkin Nijar, Mahamadou Issoufou ya zama firaminista, Moumouni Djermakoye ya riƙe majalisa. Da aka rage wa firaminista iko, Issoufou ya ajiye muƙami a Satumba 1994, jam'iyyarsa ta koma gefen jam'iyyar adawa ta MNSD, rikicin ya yi ta ruruwa har sojoji suka karɓe mulki a Janairu 1996. A 2011 Hama Amadou ya mara wa Issoufou baya a zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, a 2013 suka raba gari. Kowane ɓangare yana da nasa labarin, amma ƙorafin iri ɗaya ne: na ba ka, ba ka mayar ba. Talakan da ya tsaya a layi ya jefa ƙuri'a shi ma yana jiran rijiya da likita, sai dai shi ba a gayyatarsa wurin rabo.

Sauran darussan gajeru ne. Ka gai da mai gadi da direba da sunansu. Kada ka yi wa ƙauye alkawarin da ba a hannunka yake ba. Ka ajiye kwafin duk takardar da ka sa wa hannu.

Wanda zai gaje ni, na bar masa sunayen garuruwan da muke bin su bashin ziyara, da waɗanda suke bin mu. Na biyun sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma garin maigarin nan ne a sama.