Ƙurar Kano daga sama

Talata. Hazo ya rufe gari tun asuba, darbejiyar ƙofar gida ma da ƙyar ake hango ta. Leɓena duk ya tsage. Ba wuta. Ummi ta tafi makaranta ba ta sha kokonta ba, wai ya huce.

Bayan la'asar na kai wa Kawu maganin tarinsa. Na tarar da shi a zaure ya naɗe rawani har hanci, rediyo na ta surutu a gefe. Wayata da ke kan tabarma ta kawo haske, sai idonsa ya faɗa kan hoton fuskarta, duniya shuɗiya kamar ƙwallo a tsakiyar duhu. Ya ɗauka ya kai dab da ido.

"Wa ya ɗauki wannan?"

Na ce 'yan sama jannatin Amurka ne, na kumbon Apollo 17, a 1972. Na nuna masa Afirka, ga hamada ja-ja, ga ƙasar Larabawa daga sama. Ya daɗe yana bin wurin da yatsa, na san Kano yake nema.

"Ai na farkonsu da ya zagaya duniya," in ji shi, "sai da ya yi magana da Kano. Muna samari lokacin. Amurkawa na da tasha a garin nan."

Wallahi dariya na yi. Har da cewa, "Kai Kawu, kun fara ko?" Kun dai san shi da labari, wani ka ɗauka wani ka bar masa. Bai tanka ba. Ya ajiye wayar a hankali, ya ƙara muryar rediyo, ya ce in gaida Hajiya.

Sai bayan isha'i da aka kawo wuta na ce bari in duba, don in samu abin tsokanarsa gobe. Ashe ni za a tsokana.

Sunan mutumin John Glenn. Ranar 20 ga Fabrairu, 1962 ya tashi daga Fulorida a kumbon Friendship 7, ya zagaya duniya sau 3 cikin kusan awa 5. Hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta jera tashoshin bibiya a wurare daban-daban don kada muryarsa ta ɓace, kuma ɗaya a Kano take. Da ya iso saman Afirka ya ce yana hango guguwar ƙura, mutumin tashar Kano ya amsa masa cewa sati guda ke nan iska na kaɗawa da ƙarfi. Fabrairu fa. Hunturu. Wannan ƙurar da na wuni ina tsine mata, ita ya hango ta 'yar tagarsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kyamararsa ce. Ba wata ta musamman ba, da kansa ya shiga wani shagon magani a garin Cocoa Beach na Fulorida ya saye ta, Ansco Autoset, kuɗinta wajen dala 40. Injiniyoyi suka ɗaura mata mariƙi don ya iya latsawa da safar hannu mai kauri. Fim ne, sai ka dawo ƙasa an wanke ka san ko ka dace. Shekara 6 bayan haka wani ɗan sama jannatin, Bill Anders, ya ɗauko hoton duniya tana ɓullowa ta bayan wata, sannan aka zo kan wannan da na liƙa a waya tun bara don kawai kalarsa ta yi mini kyau.

Glenn ya sake komawa sama a 1998 yana da shekara 77, ya rasu a 2016 yana da 95. Shi an adana kyamararsa a gidan tarihi a Washinton. Kawu kuwa abin da ya adana a kansa yake, ya ɗauko ya miƙo mini, na yi masa dariya. Yadda ya ajiye wayar nan yake ta dawo mini. Da ma faɗa ya yi.

Hajiya ta ce in daina juyi in kwanta. Gobe zan biya in sayo masa fura mai sanyi, ko da yake da tarin nan sai dai goro. Waya kuma ta cika, Ummi ta ɗauki kyanwar maƙwabta ya fi sau 50, duk hoto ɗaya.