Wayar da Fuskarta ta Tsage

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da lissafi a wata firamare a Gadarif, a gabashin Sudan, kafin yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Damina ba ta fita ba sai da ajina ya koma ɗakin kwanan iyalai uku da suka gudo daga Khartum. Aka haɗa bencina bibbiyu aka yi gadaje, aka ɗaura igiyar shanya daga ƙusar allo zuwa taga. A watan Oktoba hukumar UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan. Ni arba'in da 'yan kai na sani a cikinsu, da sunayensu da gidajensu, kullum kuma ina karo da su a kasuwa, wannan yana tura baro, waccan tana tallar ruwan sanyi.

Shi ya sa da aka ce wata ƙungiya za ta horar da malamai kan haɗa darasi da waya da kwamfuta, abin da a nan muke ce wa daura, ban tsaya shawara ba na kai sunana. Kwana goma aka yi. Mai koyar da mu ita ma gudun hijira ya kawo ta daga Omdurman, inda ta daɗe tana aikin rediyo. Ustaza muke ce mata, ita kuma ta ce mana Ustaz, kamar yadda aka saba.

Kwanakin farko na hannu ne: yadda ake yanka bidiyo a CapCut, yadda ake goge tari da shiru daga murya a Audacity, yadda ake tsara hoto a Canva. Duk wanda ya iya WhatsApp zai iya waɗannan cikin mako guda. Abu ɗaya ne ya ba mu wahala. A wasu manhajojin in ka rubuta Larabci sai haruffan su rarrabu, su kuma juya daga hagu zuwa dama, kalma ta zama ba ta karantuwa. Dabarar da muka kama ita ce a rubuta a takarda da alƙalami mai kauri a ɗauki hotonta, har yau kuma ita nake bi.

A kwana na biyar na kawo bidiyona na farko, kan kusur, wato lissafin ɗaya bisa biyu da ɗaya bisa huɗu. Dare biyu na raba a kansa. Minti goma sha tara, da launuka, da kiɗa a ƙasa-ƙasa, da rubutu yana shigowa yana fita. Abokan aiki suka yaba. Ustaza ba ta yaba ba, ba ta kushe ba. Sai ta leƙa waje ta kira mai gadin wurin ta ce, "Baba, ara mana wayarka." Ya zaro wata tsohuwar waya daga aljihun jallabiya, fuskarta a tsage, an ɗaure murfin da roba. Ta miƙo mini ta ce, "Ustaz, tura masa."

Bai shiga ba, babu wuri. Muka nemi izininsa muka kwashe wasu hotuna zuwa kwamfuta, sannan ya shiga bayan dogon jira. Da aka kunna, lambobin da na ƙawata suka fito ƙanana kamar tururuwa, tsagar gilashin ta bi ta kan layin da ya raba lambar sama da ta ƙasa, kiɗan kuma ya danne muryata a 'yar ƙaramar lasifikar. Baba ya kara wayar a kunne, ya saurara, ya ce, "Ɗana, muryarka tana da nisa." Ustaza ta tambaye ni, "Wayar wa yaranka za su kalla da ita? Taka ko irin wannan?"

Jikina ya yi sanyi, domin na san amsar tun kafin ta rufe baki. Yarana ba su da waya. Ta uba ce, kuma a Gadarif lokacin yankan riɗi da girbin dawa tana tafiya gona tare da shi, wani lokaci mako guda ba ta dawo ba. Ko ta uwa ce, wadda ake kai wa mai shago ya yi mata caji da sola a biya shi. Data kuwa da awo ake sayenta kamar sukari. Minti ɗaya na bidiyon da wayata ke ɗauka yakan haura megabait 100, alhali minti ɗaya na saƙon murya a WhatsApp bai kai rabin megabait ba. Duk na san wannan a zaman unguwa, amma da na zauna gaban kwamfuta sai ya fice mini, na yi darasin da zai burge malamai irina.

Daga ranar na juya aikin. Nakan fara da tambayar a wace waya za a buɗe shi, da wane lokaci, mutum nawa ne za su haɗa kai a kanta, sannan in koma kan darasin. Ustaza ta ba mu labarin wani bincike da Philip Guo da abokansa suka yi a 2014 kan kallon bidiyo kusan miliyan 7 a dandalin karatu ta intanet na edX, inda suka ga yawancin ɗalibai ba sa wuce minti shida suna kallo komai tsawon bidiyon. Waɗannan manya ne masu wuta da intanet. Ina ga yaron da ƙannensa uku ke jan hannunsa? Na yanka nawa zuwa minti huɗu, abu ɗaya tak a kowane darasi. Ta kuma kawo mana maganar Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya, cewa in ana nuna hoto ana bayani da baki, cika fuskar da rubutun abin da ake faɗa raba hankalin mai koyo yake yi. Na cire rubutun, na cire kiɗan.

Abin da ya rage shi ne murya da hannu. Na ɗora waya a kan gwangwanayen madara biyu, kyamara tana kallon ƙasa, na shimfiɗa kisra ɗaya, wato siririyar gurasar dawa da ake ci a Sudan, a faranti. Na yaga ta biyu, na sake yagawa. Da Larabci kasr, wato tilon kusur, da kisra tushensu ɗaya, karyawa, yaran kuma suka kama wannan nan take. Murya kuwa nakan ɗauke ta bayan isha'i, in injinan wuta na maƙwabta sun yi shiru, a ɗakin da ya fi yawan katifu da labule, domin bangon siminti tsirara yana mayar da amo. Wayar tana nesa da baki kamar taƙi ɗaya, a ɗan karkace don kada iskar "f" da "b" ta buge ta. Ustaza takan ce mutum zai jure hoto mai duhu, amma ba zai jure muryar da ba ya ji ba. Mu da muka tashi muna ganin iyayenmu sun kewaye rediyo suna sauraren BBC Hausa, wadda ta fara tun 1957, ba mu buƙaci dogon bayani a kan haka ba.

Sai batun harshe, wanda ba ya cikin jadawalin daurar ko kaɗan, kuma a ganina shi ne babban giɓinta. Kakanninmu sun zo ƙasar nan ta hanyar hajji, wasu kuma suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903. Har yau a gidaje da yawa Hausa ake yi, makaranta kuwa Larabci zalla. A aji nakan ga yaro ya yi shiru ba don lissafin ya fi ƙarfinsa ba, sai don kalmar ce ta tsaya masa. Da na samu kaina ni kaɗai da waya, ba mai duba ni, sai na yi bayani da Hausa, in na zo kan kalmar da zai tarar a jarrabawa in faɗe ta da Larabci sau biyu: na sama shi ne basɗ, na ƙasa maƙam. Ashe ma sulusi da rubu'i ba baƙi ba ne a kunnensu, suna ji a bakin manya wajen rabon gado. Rubutun boko ban sa ba, domin kaɗan ne a cikinmu ke karanta shi. Amfanin da ban zata ba shi ne iyaye mata sun shiga karatun. Matar da ba ta taɓa zama a aji ba tana jin abin da ake koya wa 'yarta, har ta ce mata ta maimaita.

Akwai abin da nake ganin masu shirya irin wannan horo ya kamata su gyara. Kwana biyu cur muka ɓata a kan manhajar da ba ta aiki sai da intanet mai ƙarfi, a garin da layi ke zuwa yana tafiya. Batun neman izinin iyaye kafin a ɗauki fuskar yaro kuwa minti goma aka ba shi a ranar ƙarshe, alhali muna aiki da 'ya'yan mutanen da suka gudo da ransu, wasunsu ba sa so a san inda suke. Ni na yanke wa kaina hukunci: hannu kawai ke fitowa a bidiyona, nawa ko na yaro, ban da fuska.

A watan Disamba birnin Madani ya faɗa hannun dakarun RSF, Gadarif ta ƙara cika. A Fabrairun 2024 kuma aka wayi gari layukan Zain da MTN da Sudani duk sun ɗauke, ko Bankak, manhajar banki ta waya, ba a iya tura kuɗi da shi. Rukunin WhatsApp ɗin da na buɗe wa iyaye ya mutu murus. Amma darussa talatin da na tara duka sun shiga ƙaramin memori ɗaya har da saura, suna kuma wucewa daga waya zuwa waya ta Bluetooth ba tare da ko fam ɗaya ba. Na ajiye kwafi wajen mai cajin waya na bakin masallaci, duk wanda ya kawo caji ya tura masa.

Ana cikin wannan ɗaukewar wata dattijuwa ta yi sallama a ƙofar gidanmu da hantsi, kakar ɗaya daga cikin ɗalibaina. Ta kwance bakin mayafinta, ta fito da memori a naɗe cikin takardar alewa. Ta ce, "Malam, mun gama na kisrar nan, yarinyar har ta haddace. Akwai na gaba?" Na ce, "Akwai, Inna, shigo ki zauna." Na zuba mata na tarawa da na ɗebewa. Tana ɗaure shi ta ce a na gaba in riƙa ɗan tsayawa bayan kowace tambaya, don yarinyar takan so ta ba da amsa kafin in faɗa. A daren na sake ɗaukar darussa huɗu, bayan kowace tambaya ina ƙirga biyar a zuci kafin in ci gaba.