Azahar Ɗin Juma'a da Bolt 263: Abin da Zan Bar wa Masu Aikin Sola

Duk wanda ya yi aiki a ƙaramar tashar sola da aka jona da layin wutar gari a Kano ya san kukan jama'a ɗaya ne: wuta ba ta da ƙarfi. Da magariba, idan kowa ya kunna fanka da firji, sai ka auna a ƙarshen layi ka ga bolt 180 maimakon 230. Shi ya sa hankalin ma'aikata ya tafi kacokan kan ɗaga wuta, ba a cika tuna ranar da za ta yi yawa ba, alhali ita ce ke ƙona kayan mutane. Sola kuwa sai ƙaruwa take a garin nan, daga Kasuwar Sabon Gari zuwa tashar Jami'ar Bayero da aka buɗe a 2019. Tunda zan bar fannin, ga abin da ya kamata waɗanda suka rage su riƙe.

Wurin da abin ya faru tashoshi biyu ne da aka haɗa da waya ɗaya, guda tana ba jerin shaguna, ɗayar tana ba gidajen da ke bayansu, dukansu a ƙarƙashin taransifoma guda mai sauke kilobolt 11 zuwa bolt 400 tsakanin layukan wutarta uku da ake kira fes, wato 230 a kowane fes. Irin wannan taransifoma yawanci tana da taf, wato maɓallin ƙara ko rage ƙarfin wutar da take fitarwa, mai hawa biyar, tsakanin kowane hawa kashi 2.5 cikin ɗari. Wani, shekaru da suka wuce, ya kai taf ɗin ƙarshe saboda ƙorafin dare. Wannan kaɗai ƙarin kashi 5 ne, wato duk lokacin da layi ya zo daidai ana farawa ne daga wajen 241, ba 230 ba. Babu wanda ya duba kafin a jona sola, wai ai taransifomar ba tamu ba ce.

Daga inbata, na'urar da ke juya wutar sola ta zama irin ta gari, zuwa taransifoma mita 400 ne na wayar alminiyam mai kaurin milimita sukwaya 50, wadda turjiyarta ke wajen om 0.64 a kilomita, wato 0.26 a wannan tsawon. Ranar Juma'a daga ƙarfe ɗaya teloli da masu walda da masu injin niƙa duk sun rufe sun tafi masallaci, rana tana tsaka, batura sun cika tun hantsi. Kilowat 60 ba mai sha, sai su juya baya su nufi taransifoma, kusan amfiya 87 a kowane fes. Ninka 87 da 0.26, ka sami ƙarin bolt 22. Ɗora shi kan 241, an kai 263. Inbata kuwa an saita ta ta yanke a 253. Sai ta yanke, wuta ta sauka, ta jira ɗan lokacinta ta dawo, wuta ta sake hawa, ta sake yankewa. Haka za ta yi ta yi har a sauko daga masallaci.

A nan aka tafka kuskuren. Mai gidan aiki, wanda abin da ya dame shi kawai yawan yunit ɗin da za a nuna wa masu zuba kuɗi, ya ce a buɗe iyakar kariya zuwa 270, inbata ta daina wannan shirmen. An gaya masa a rubuce cewa ba ita ce mara lafiyar ba, ƙara kawai take kawowa. Ya ce ba a ɗauki mutum don ya yi lacca ba. Juma'ar da ta biyo baya sai ga cajoji sun fashe, talabijin sun mutu, wata mai sayar da ƙanƙara ta tarar da kwamfuresan firjinta biyu suna warin ƙuna. Takardar tuhuma kuwa kan yaron aikin da ya danna maɓallin ta sauka. Allah ya sauwaƙe. Shawarata, kuma shawara ce kawai: duk umarnin taɓa saitin kariya, a karɓe shi a rubuce da sa hannu.

Gyaran gaskiya bai fi mako ba. A fara da sa na'urar da ke rubuta ƙarfin wuta na kwana bakwai cur, a bakin taransifoma da bakin inbata, lallai Juma'a tana ciki. Awon mita na minti biyu da safe ba awo ba ne. Sannan a nemi masu taransifomar su kashe ta su dawo da taf tsakiya, domin irin wannan taf ba a juya shi da wuta a jiki. A kunna saitin da ke sa inbata ta rage kilowat a hankali idan wuta ta doshi 245, maimakon ta yanke gaba ɗaya. Da yawa suna dogara da saitin shanye wutar riyaktib, wato wutar da ke kai-komo a waya ba tare da ta yi aiki ba, amma a siririyar wayar unguwa turjiya ce ta fi rinjaye, don haka taimakonsa kaɗan ne, kuma yana ƙara wa waya zafi. Idan akwai kuɗi a sauya waya zuwa mai kauri 95, ƙarin nan na bolt 22 zai koma 11. Idan babu, a matsar da tura ruwan bohol da haɗa ƙanƙara zuwa tsakar rana su sha rarar.

Idan wutar gari ta ɗauke tashoshin biyu suka rage su kaɗai, kada kowace inbata ta kafe kan nata boltej ɗin. Bambancin bolt uku ya isa ya sa wuta ta riƙa zagaye tsakaninsu, waya na zafi ba tare da an kunna komai ba. Ko dai ɗaya ta ja gaba ɗayar ta bi, ko a ba su saitin sassauci, wato kowace ta ɗan rage boltej idan nauyi ya ƙaru, daidai da girman kowace. A bakin mahaɗa kuma a sa rile, wato na'urar kariya, mai duba boltej da firikwensi da jerin fes kafin bireka ta rufe.

Sauran a taƙaice. A raba shaguna daidai a fes uku, mai walda da mai niƙa kada su haɗu a fes ɗaya, domin motar lantarki ta inji mai tashi kai tsaye tana jan ninki biyar zuwa bakwai na abin da take ci. A riƙa ɗaure nutural, wayar da wuta ke komawa ta cikinta, duk wata uku. Idan ya tsinke, gida mai fes ɗaya zai iya ganin kusan 400. Inda alminiyam ya haɗu da tagulla a sa mahaɗi mai ƙarfe biyu. Lissafin jerin fanel kuma a yi shi da sanyin asubar Janairu, ba da zafin Afrilu ba, domin da sanyi boltej ɗin fanel ke hawa.